Jerikol ɗin Babandi Mai Wankin Hula

A shekarun da samarin unguwar Sabo ta Ibadan suka haukace da jerikol, babu wanda yayin nan ya wahalar kamar Babandi mai wankin hula, babu kuma wanda ya kai shi sanar da jama'a hakan. Rumfarsa tana bakin layin teloli, ga kwanonin ruwa, ga burushi, ga katakan da yake kafa huluna jere a rana. Sana'arsa kam ya iya ta, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Hular da ta zama tsumma in ta shiga hannunsa sai ta fito tsaye ƙyam. Ciwon Babandi ɗaya ne, bai taɓa yarda cewa hula kaɗai ya iya ba. In rediyonka ta mutu ya san abin da ya kashe ta, in ɗanka ya ƙi karatu ya san magani, in kuwa aka ce Naira ta sake faɗuwa sai ya girgiza kai ya ce da shi aka tuntuɓa da tuni ya sa mata sitaci.

Jerikol kuwa gashi ne da ake zuba wa magani ya yi laushi, a nannaɗe shi ya fito zobe-zobe yana sheƙi, kullum kuma sai an fesa masa mai. Man nan duk a cikin hula yake ƙarewa, hular kuma a hannun Babandi. Yakan ɗaga ta da yatsa biyu ya nuna wa masu wucewa, ya ce in aka matse ta za a soya ƙosan unguwa guda.

Abin haushin, sarkin masu jerikol ɗin a gidansa yake. Ikrima ƙaninsa ne, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya sa shi makaranta har ya zama akawu a tashar Ojoo. Yaron haifaffen Sabo ne, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, kuma bayan Allah da Annabi babu abin da yake ji da shi kamar gashinsa. Da gashin nan ya fara jan hankalin Risikatu, 'yar Alhaji Lamidi na unguwar Oke-Ado. An sha fama kafin Alhajin ya yarda a zo gaisuwa, domin danginsa sun cika masa kunne cewa Bahaushe girman kai gare shi, ba ya kwanciya ya gai da manya. Daga ƙarshe Alhaji ya ce ya yafe kwanciyar, tun da duk Musulmi ne, amma abu guda ba zai yafe ba. Yaron ya durƙusa a gaban dangi, ya cire hularsa da hannunsa.

Wata yamma Ikrima ya zauna a bencin rumfa ya yi tagumi.

"Yaya, akwai wahala fa," ya ce. "Ran gaisuwa in na cire hula, alaga ce za ta riƙe, matar nan da ke jan ragamar taro. In Alhaji ya yarda, Risikatu ta fito ta mayar mini da hannunta. To gashin nan in ya ɗan jima a hula sai ya kwanta kamar an yi masa guga. Ga gumin garin nan. Zan cire hula dangi su ga kaina kamar kazar da ruwa ya doka."

Babandi ya ajiye burushi a hankali, irin ajiyewar likitan da aka kawo wa ciwon da ya daɗe yana jira.

"Ashe ƙaramin abu ne ya hana ka cin abinci. Me ke kwantar da hula?"

"Datti da mai."

"Me ke tsayar da ita?"

"Sitaci."

"To ka ba kanka amsa. Duk masu gyaran gashin Legas da na Ingila sun tsaya suna zuba mai, mai kuwa ba ya tsayar da komai. Ni zan yi maka naɗin da zai shiga hula ya fito yana gai da mutane."

Da daddare labari ya isa kunnen Haulatu matar Babandi, wadda ke kitso da saitin gashi a cikin gida, matan layi uku suna zuwa mata. Ta ce a wanke gashin a rage masa mai, a naɗa shi ƙanana-ƙanana, a bar shi ya bushe sarai ya huce kafin a cire rola, kada kowa ya taɓa. Hula kuma a samo mai ɗan faɗi, ya riƙe ta a hannu sai an kusa ƙofar gidan.

"Naki saitin kwana nawa yake yi?" Babandi ya tambaya.

"In an kula da shi, kwana uku ko huɗu."

"Hulata wata take yi."

"Hula ba ta gumi, Malam."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

"Ni dai a bar kaza cikin gashinta. Rolata kuma ba za ta shiga sitaci ba, yanzu ma zan sa mata kwaɗo."

Ikrima ya ji maganar matar yayansa ta shige shi, amma yaya za ka dubi mutumin da ya goye ka ka ce masa ba ka yarda da hannunsa ba? Ya sunkuyar da kai ya ce duk yadda Yaya ya gani.

Babandi ba ya aiki da ka, sai ya gwada. Washegari ya dubi bayan rumfa ya ga ragon layyar Jatau tela a ɗaure, gezarsa har ƙirji. Ya dama sitacin rogo mai kauri, ya samo totuwar masara, ya nannaɗe gezar ragon tsaf ya bar shi a rana. Da ya zare totuwar, gaskiya abin ya yi kyau. Geza ta tsaya zobe-zobe, yara suka taru, mata suna leƙe ta kan katanga.

Jatau ya fito da awo a wuya. "Babandi, ragon da zan yi ibada da shi ka mayar ɗan disko?"

"Ka gode wa Allah. Yau kuɗinsa ya ƙaru."

Bai rufe baki ba awakin unguwa suka jiyo ƙanshin rogo. Ta farko ta zo ta lasa, ta biyu ta ciza, kafin a ce kwabo sun yi wa ragon rumfa suna cin gezarsa kamar harawa. Rago ya ga abin ya wuce wasa, ya tsinke igiya, ya bi ta ƙarƙashin teburin Isiyaku mai shayi ya tashi da shi. Burodi ya yi gabas, gwangwanayen madara suka yi yamma, Jatau ya bi ragonsa yana salati.

Babandi ya tsaya hannu a ƙugu. "Wannan ai shaida ce. Har dabba ta san abu mai kyau. Kuma Ikrima ba cikin awaki zai zauna ba."

"Ka taɓa zuwa gidan surukan ka gani?" in ji Isiyaku, yana tsince burodinsa daga kwata.

Duk da haka Babandi ya gane sitaci kaɗai ya yi sanyi. Ya aika kasuwar Shasha aka sayo masa ƙaro, ya jiƙa, ya haɗa. Da yake babu mai sake ba shi aron rago, sai ya gwada a gemunsa da gashin bakinsa. Ya nannaɗe su a tsinken tsire, ya zauna yana fuskantar rana yana yi wa masu wucewa bayanin yadda za a zo daga Legas koyo a wurinsa. Yana cikin bayanin ya ji maganar tana yi masa nauyi. Gashin baki ya sauko ya gai da gemu, ƙaro ya ɗaura musu aure, bakin Babandi ya rufe ruf.

Labari ya zaga Sabo kafin shayi ya huce. Mutanen da suka shekara ba su zauna a rumfarsa ba suka zo suka cika benci.

"Malam Babandi," in ji Isiyaku, "an ce Naira ta sake faɗuwa. Me ka gani?"

"Mmm."

"Ni ma haka na ce. Kuma wankin hular mutumin unguwar Mokola ya fi naka, ko ba haka ba?"

"Mmm, mmm."

"Kun ji ya yarda."

Jatau ya rantse tun da ya zo Ibadan bai taɓa jin kukan tsuntsu a layin nan ba sai ranar. Haka aka yi ta shan daɗi har aka kira azahar. Babandi ya ɗauki buta, ruwan alwala ya taɓa fuskarsa, ƙaro ya saki, farin ruwa mai yauƙi ya gangaro gaban rigarsa, gemu ya koma ya kwanta yadda Allah ya yi shi. Jama'a suka zuba ido su ji ko zai tuba.

"Ruwa ne abokin gaba," ya ce. "Na gano shi."

Kowa ya watse da baƙin ciki. Shi kuwa da la'asar ya saci jiki ya tafi wurin wani kafinta Bayarabe, ya tambaye shi wane gam ne ke riƙe kujera ko ruwa ya doke ta. Kafinta ya ce wane irin katako ne. Babandi ya ce mai laushi ne, baƙi, yana da yawa. Ya dawo da gwangwani a aljihun babbar riga, ya zuba rabinsa cikin haɗin, bai gaya wa kowa ba. Da Haulatu ta ji wari ta tambaya, sai ya ce sirrin sana'a ne. Ta ce ba a fafe gora ranar tafiya, ya gwada wannan ɗin ma tukuna. Ya ce gwaji na masu shakka ne, shi ya wuce nan.

Ranar gaisuwa da sassafe aka zaunar da Ikrima a kan turmi. Rola babu, don haka Ikrima ya kwaso tsofaffin kwanson biro daga tasha cike da leda. Babandi ya naɗe hannun riga, ya riƙa kama gashi yana shafa haɗin da burushin hula yana naɗewa, yana yi yana wa'azi. Da ya gama ya kai shi tsakiyar katakan huluna ya zaunar a rana, ya ce kada ya motsa. Ango ya zauna a layi, hula a dama, hula a hagu, kansa cike da biro ja da shuɗi.

Manniru abokinsa, wanda zai raka shi, ya iso cikin farar shadda ya tsaya yana dubawa.

"Oga Babandi, wannan ta tsakiyar nawa ne wankinta?"

"Ka yi dariya yanzu. Gobe kai za ka zo kana roƙo."

Da aka zo zare biro sai da aka yi da ƙarfi, Ikrima yana cije leɓe, amma da aka kawo madubi sai ya manta zafin. Zobba sun tsaya reras, kowanne da ƙyallinsa, ko a hoton kaset bai taɓa ganin irinsu ba. Ya girgiza kai, ko ɗaya bai motsa ba. Daɗi ya kama shi har ya riƙe hannun yayansa ya ce Allah ya saka da alheri. Babandi ya ji kansa ya yi girma, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya don kowa ya shaida.

Haulatu ta fito cikin mayafi za ta shiga motar mata masu kai kaya. Ta matso ta dubi kan ba ta taɓa ba.

"Samansa ne ya bushe, Malam. Cikin ɗanye ne. Ango, riƙe hularka a hannu."

"Ango ya ratsa Sabo kai ba hula kamar ɗan tasha?" in ji Babandi. "Ni da nake busar da kai ɗari a mako za a koya wa bushewa?"

Direba yana ta hon. Babandi ya ɗauko sabuwar hular ango, wadda shi da kansa ya sa wa sitaci jiya, ya kafa ta a kan Ikrima. Sannan hannunsa ya yi abin da ya saba yi wa katako kullum, ya sa tafi biyu ya danna ta ƙasa, ya juya ta kaɗan ta zauna daram.

Tun daga Mokola suka faɗa cunkoson motoci. Rana ta buɗe, bas ta zama tanda, kowa yana fifita da abin da ya samu.

"Yaya, kaina yana ja," Ikrima ya ce.

"Aiki yake yi."

"Kamar ana ɗaure ni da waya fa."

"Haka hula take ji, ba ta taɓa kawo ƙara ba."

A Oke-Ado an kafa rumfuna har bakin titi. Dangin amarya sun yi anko sun zauna sahu-sahu, makaɗa na gefe, Alhaji Lamidi yana tsakiya cikin babbar riga, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Aka jera doyar da aka sayo a kasuwar Bodija, da goro, da buhun gishiri, da sauran kaya. Alaga, wata mace mai murya kamar lasifika, ta yi waƙa ta yi ba'a, ta sa baƙi suka gai da kowa. Sannan ta kira ango gaba. Ikrima ya durƙusa a gaban Alhaji, ya yi gaisuwa da Yarbanci mai kyau har tsofaffi suka gyaɗa kai.

"Oya, ango," in ji alaga da 'yar Hausarta, tana miƙa hannu. "Kawo fila. Cire hula Baba ya ga kanka."

Babandi ya gyara zama, ya zunguri Manniru ya ce ya buɗe ido ya ga aiki.

Ikrima ya kai hannu ya ɗaga. Hula ba ta san ana yi ba. Ya yi murmushi ya sa hannu biyu. Girarsa ta tashi sama, kunnuwansa suka bi ta, idanunsa suka buɗe kamar ya ga abin tsoro, hula tana nan inda take. Makaɗa suka sassauta, sannan suka yi shiru. Alaga ta tsaya da hannu a miƙe.

Wani kawun amarya ya juya ya faɗi wata magana da Yarbanci, da ƙarfi don kowa ya ji. Babandi ba ya jin yaren sosai duk da cika bakinsa, amma wannan ya gane ta. Cewa ya yi, ai na gaya muku, ko hula ba za su cire mana ba. Alhaji Lamidi ya tattara hannun rigarsa ya ɗora a kafaɗa.

Babandi ya yi wuf ya miƙe. "Ejo, Baba, a yi haƙuri. Hular sabuwa ce, kunya take ji. Ni ne mai ita, yanzu za ta ji muryata."

Ya kama hula ya ja, Ikrima ya taso tare da ita. Ya danna shi ƙasa ya sake ja, ya sake tasowa. Ya ce Manniru ya riƙe ƙugun ango. Manniru ya riƙe, Babandi ya kafa ƙafa ya ja da iyakar ƙarfinsa, hannunsa ya suɓuce, ya tafi da baya ya zauna cikin doyar Bodija. Doya ta watse tana gangarawa ƙarƙashin kujeru, mata suna ɗage ƙafa.

"Ruwan zafi," ya ce daga inda yake zaune. "Na san halinta, ruwa take tsoro."

Aka kawo buta aka tsiyaya. Sitaci da ƙaro suka saki kamar yadda suka saba, farin ruwa ya gangaro ta goshin ango, rinin zaren hula ya biyo baya, ja da kore, har kan shaddarsa. Gam ɗin kafinta kuwa ya riƙe amanar da aka ba shi. Wata tsohuwa ta ce a sa manja, aka sa. Wani ya ce kananzir, aka ɗiga. Kowa ya zama malami, ana ta ihu da yare uku, ƙudaje suka samu labari suka zo nasu taron. Ikrima yana durƙushe bai motsa ba, yana wari kamar risho.

"Wai me kuka sa masa?" alaga ta tambaya.

"Sirrin sana'a ne," in ji Babandi, murya ta yi ƙasa.

"Gam ne," Haulatu ta faɗa daga cikin mata. "Na kujera."

Alhaji Lamidi bai ji wannan ba, hayaniya ta yi yawa, kuma kawun nan yana bakin kunnensa yana zuba. Ya miƙe tsaye ya juya zai shiga gida. Kowa a wurin ya san in ya tsallaka ƙofar nan magana ta mutu.  Babandi ya dubi yaron da ya riƙa tun yana rarrafe, durƙushe cikin manja, aurensa yana tafiya da ƙafa, kuma babu wanda ya jawo sai shi. Ya buɗe baki, karo na farko a rayuwarsa ya rasa abin da zai ce ba tare da ƙaro ba.

Ikrima ne ya yi magana. "Baba, ejo, a dakata mini kaɗan. Na ce zan cire hula a gabanka, kuma zan cire. A kira mai aski."

Babandi ya rarrafo kusa da shi. "Ikrima, gashinka fa."

"Gashi yana tsirowa, Yaya. Riƙe mini hular kada ya yanke ni."

Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa, ya juyo. Aka ruga bakin titi aka zo da wani tsohon wanzami da jakarsa. Ya zagaya kan sau biyu yana tsaki, ya wasa aska, ya soma zura ta ƙarƙashin bakin hula yana bi a hankali. Babandi yana riƙe yana ɗagawa kaɗan-kaɗan, gumi yana ɗiga daga gemunsa, wanzami yana yi masa tsawa in ya ja da yawa, shi kuwa sai to yake cewa. Taro ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar aska.

Can hula ta taso gaba ɗaya. Kan Ikrima ya fito fari tas, wani wurin da ɗan tsiro, wani wurin da ɗan jini. Ya karɓi hular daga hannun yayansa, ya miƙa wa alaga da hannu biyu, kansa a ƙasa. Alaga ta karɓa ta leƙa ciki, sannan ta juya ta ta nuna wa jama'a. Ga jerikol nan a ciki cif, zobe-zobe, kamar sheƙar tsuntsu.

Kakar amarya ce ta fara. Dariya ta kama ta har ɗankwalinta ya zame, sai sahu na biyu ya ɗauka, sai rumfa duka. Makaɗa suka saki ganga. Kawun nan ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska ya kasa. Alhaji Lamidi ya dawo ya zauna yana share hawaye da hannun riga.

"Mutane da yawa sun cire mini hula a duniyar nan," ya ce da Hausar kasuwa, "ban taɓa ganin wanda ya haɗa da gashinsa ba. Yaron nan ɗana ne. Ku fito da Risikatu."

Aka fito da ita cikin rakiyar ƙawaye. Ta ɗaga mayafi ta nemi gashin da ta sani, ta ga ƙwarya. Ta dubi Ikrima, ya dube ta kamar mai jiran hukunci, ta rufe baki da hannu kafaɗunta suna rawa. Alaga ta miƙa mata hula don ta mayar masa, ta leƙa ciki ta ja da baya, ta ce wallahi ba za ta sa wa mijinta wannan abin a ka ba.

Alaga ba ta rasa dabara. Ta waiga neman hula mai tsabta, kuma duk wurin babu wadda ta kai ta Babandi tsayuwa da kyau. Kafin ya ankara ta miƙa hannu ta zare ta, ta dangwara masa mai gashin a hannu. Risikatu ta ɗora wa angonta hular yayansa, aka ɗauki guɗa.

Guɗar ba ta sauka ba mutanen Sabo suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Jatau da ya yi shekara da shekaru yana maƙwabtaka da shi bai taɓa ganinsa ba hula ba. Ashe malamin gashi, mai koya wa Legas da Ingila, sanƙo gare shi tun daga goshi har ƙeya, sumul, rana tana wasa a kai.

"Oga Babandi," in ji Manniru, "ashe shi ya sa aka fara da rago."

Kunya ta rufe Babandi, amma kunyarsa ba ta daɗewa. Ya ga an karɓi ƙaninsa, ya ga ana dariya, ya ji ƙarfinsa ya dawo. Ya miƙe ya ɗaga hular sama yana juya ta kowa ya ga cikinta.

"Ku yi dariya, amma ku faɗi gaskiya. Ya shiga hula, ya sha gumi, ya sha ruwan zafi, ya sha manja da kananzir. A cikinku wa zai nuna mini zobe ɗaya da ya faɗi?"

"Babu, Malam," in ji Haulatu. "Aikinka ya yi kyau. Sai ka rufe kanka, surukai na kallo."

Babandi ya duba dama ya duba hagu, babu mai niyyar ba shi aron hula. Ya dubi ta hannunsa, wadda ruwan zafi da rana suka sake tayar wa da gam. Haulatu ta buɗe baki za ta ce ba wannan take nufi ba, amma ta makara, ya riga ya kifa ta a kansa. Zobba suka leƙo ta gefen kunnuwansa, ya gyara tsayuwa yana murmushi kamar saurayi.

Wanzamin, wanda ya riga ya naɗe jakarsa zai tafi, ya tsaya ya dube shi. Ya tuna sanƙon da ya gani yanzu, babu ko silin gashi da aska za ta bi. Ya ajiye jaka, ya ja kujera ya zauna, ya ce a zubo masa shinkafa da nama tukuna, domin wannan aikin ba na mai jin yunwa ba ne.